Abin da Majami'ar Ƙauye Take Nufi da Warkarwa

In aka ce Kirista suna addu'ar warkarwa, abin da ke faɗo wa yawancin mutanen birni a rai shi ne abin da suka saba gani a talabijin: makeken fili, lasifika, mai wa'azi cikin kwat yana ɗaga murya, can wani ya yar da sanda ya miƙe. Kano kuwa tana da tabo a kan wannan. A watan Oktoba na 1991 aka shirya taron Reinhard Bonnke, mai wa'azi ɗan ƙasar Jamus, aka baza tallar taron ko'ina a gari. Taron bai yiwu ba. Tarzoma ta ɓarke, aka yi asarar rayuka masu yawa, aka ƙona dukiya, har yau kuma akwai gidajen da ba su gama farfaɗowa ba.

Amma akwai Kiristancin da kyamara ba ta zuwa wurinsa. A ƙauyukan Tudun Wada, Doguwa, Sumaila, Rogo da Karaye, da wajajen Roni da Gwaram a Jigawa, akwai majami'u na jar ƙasa da rufin kwano, waɗanda masu sujada a cikinsu Hausawa ne manoma, yawancinsu jikokin Maguzawa. Da Hausa suke waƙa, da Hausa suke karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassararsa ta farko a 1932. A cikinsu na girma. A wurin waɗannan mutane, lafiyar jiki da gafarar zunubi da komawar mutum cikin 'yan'uwansa a ɗaure suke wuri guda, kuma duk ɓarnar da na gani a ikkilisiya ta faro ne daga ranar da aka kwance ɗaya aka bar sauran.

Ta hanyar jinya bishara ta shigo ƙasar nan. A 1900 Bishop Tugwell da Dakta Walter Miller suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, gwamnatinsu da kanta ta taka wa 'yan mishan birki a ƙasashen sarakuna, don ba ta son abin da zai ɓata tsakaninta da masu sarauta. Ƙofar ta daɗe a rufe. Kuturta ce ta buɗe ta. A shekarun 1930 aka danƙa wa mishan ɗin SIM kula da zangon kutare na Yadakunya kusa da Kano, da na Babbar Ruga a Katsina, da na Amanawa a Sakkwato. A 1943 suka buɗe asibitin ido na Kano, wanda har gobe mutane ke zuwa daga nesa. Daga aikin wannan mishan ne ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Gaskiya ne 'yan mishan ba magani kaɗai suka kawo ba, suna son mutane su karɓi bishara, kuma Musulmin da suka yi ƙorafi a kan haɗa allura da wa'azi suna da hujjar da ta cancanci a saurara. Sai dai duk wanda ya zauna da tsofaffin da suka yi jinya a wancan zamani zai ji abin da ya fi tsaya musu a rai.

Bahaushe bai saba korar kuturu daga gari ba. Yana da sarkinsa, yana bara, ana ba shi sadaka. Amma sadakar daga nesa take zuwa. Ba a cin tuwo kwano ɗaya da shi, ba a son haɗa zuri'a da gidansa, wasu su ce gado ne, wasu su ce baki ne ya kama shi. Maganin farko ma allurar wani mai ce daga Indiya, mai zafi, mai ƙarancin amfani, kafin ƙwayar dapsone ta zo a ƙarshen shekarun 1940, sannan haɗin magunguna da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 1981, wanda ke kashe cutar cikin wata shida zuwa shekara guda, kuma kyauta ake ba da shi. Wato a shekarun farko jikin mutane da yawa bai warke ba. Yatsun da suka tafi ba su dawo ba. Abin da suka samu shi ne hannun da ya riƙe ƙafarsu ya wanke gyambon ba tare da yamutsa fuska ba, da wanda ya koya musu karatu, da wanda ya kira su ɗan'uwa.

Shi ya sa labarin kuturun da ke cikin littafin bisharar Markus sura 1 yake da wani nauyi a majami'unmu. Yesu yana da ikon warkar da shi da magana kawai, amma sai ya miƙa hannu ya taɓa shi. Bayan haka bai ce masa ya tafi abinsa ba, ya aike shi wurin firist, wato malamin ibada na Yahudawa, ya nuna kansa. A shari'ar Musa firist ne ke tabbatar da cewa mutum ya tsarkaka, har ya koma gida ya zauna cikin jama'a. Aikin bai cika ba sai da mutumin ya sami hanyar komawa gida. A sura ta 2 kuma, da mutum huɗu suka fasa rufin ɗaki suka zuro shanyayye, maganar farko da Yesu ya yi masa ta gafarar zunubi ce, daga baya ya ce ya tashi ya ɗauki shimfiɗarsa.

Akwai wata tambaya da ta fi kowace cuta raba gidaje a karkara: wa ya yi masa? A gidan kakanninmu, in yaro ya kwanta, ba a tsayawa kan zazzaɓi. Sai an je wurin boka ya duba, ko iskoki ne aka saɓa wa, ko sammu ne, ko maita. Kuma kusan kullum yatsa kan sauka kan wadda ba ta da mai tsaya mata: kishiya, ko tsohuwar da 'ya'yanta suka rasu, ko matar da aka auro daga wani gari. Yaron ya warke ko ya mutu, gabar ta zauna har jikoki. Babban abin da bangaskiyar Kirista ta yi wa irin wannan gida shi ne ta tsinke tambayar. A Yohanna sura 9 almajirai sun tambayi Yesu game da wanda aka haifa makaho, ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa. Ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Mutumin da ya gaskata wannan da zuciya ɗaya yana iya jinyar ɗansa ba tare da ya tsani matar wansa ba. Wannan ma warkarwa ce, ko da ba a tsayawa a ba da shaidarta ranar Lahadi.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda tambayar take dawowa ta bayan gida. Wasu masu yawon addu'a sukan shigo ƙauye, su rufe ido su ce an nuna musu akwai wata a gidan nan da ta ɗaure yaron. Littafi Mai Tsarki ne a hannunsu, amma aikin boka suke yi, har da karɓar kaza. Dattijon ikkilisiyar da ya bar irin wannan ya tsaya a gaban jama'a ya mayar da mutanensa inda kakanni suka baro.

Ga yadda abin yake in yana tafiya daidai. Tsakiyar damina ce, yaro ɗan shekara uku yana sanƙarewa da zazzaɓin cizon sauro. Kafin uban ya dawo daga gona, labari ya kai ga shugabar Zumuntar Mata. Wata ta zo da kwanon gero, wata ta ɗauki tulu ta nufi rijiya, wata ta goye ƙanwar yaron ta tafi da ita gidanta. Fasto ya zo ya durƙusa a bakin tabarma, ya ɗora hannu a kan yaron ya yi addu'a, gajeriya. Yana cewa amin ya dubi uwar ya ce, "Mama, ɗauko zane ki goya shi, mu tafi." Ita ce a bayan babur, shi ne a gaba, sai asibiti. Ranar Lahadi bayan baiko, wato sadakar da ake tarawa a majami'a, sakatare ya miƙe ya ce akwai baiko na biyu domin kuɗin ƙarin jini. Ba wanda ya ga saɓani tsakanin durƙuson da babur ɗin. Wasiƙar Yakubu sura 5 ta ce marar lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a, su shafa masa mai, amma ba ta ce a tsaya nan ba. Luka da ya rubuta bishara likita ne. Manzo Bulus, wanda aka warkar da mutane ta hannunsa, ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas kwance ba lafiya a Militas, shi kansa kuma ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka amsa masa cewa alherin Allah ya ishe shi.

Na gaskata Allah yana warkarwa, da magani ko ba da magani ba, yadda ya ga dama. Amma duk mai wa'azin da ya ce wa mai tarin fuka ya ajiye ƙwayoyinsa kafin wata shida su cika don ya nuna bangaskiya, ko ya ce wa mai farfaɗiya aljani ne kawai, ko ya sa a ɗaure mai taɓin hankali a yi ta azumi a kansa alhali ga asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ga na Kazaure, to ya ɗauki alhakin rai. Kuma in mutumin bai warke ba, sai a ƙara masa da cewa bangaskiyarsa ce ta gaza. Ya zo da ciwo ɗaya ya koma da biyu.

Akwai kuma aikin da likita ba zai iya ba. A babban asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008, ana yi wa mata masu yoyon fitsari tiyata, da yawa kuma suna warkewa. Amma matar da ta shekara biyar ana toshe hanci in ta wuce, mijinta ya sake ta, ta daina zuwa biki da suna, ba ɗinki kaɗai take buƙata ba. Matar nan mai zubar jini shekara goma sha biyu, a Markus sura 5, ta so ta taɓa rigar Yesu ta sulale. Bai bari ba. Ya tsaya ya neme ta, ya kira ta 'yarsa a gaban taro, don kowa ya ji. Ikkilisiyar da ta fahimci wannan, matanta ne za su je su ɗauko irin wannan 'yar'uwa su zaunar da ita a tsakiyarsu, su miƙa mata kofin da suka sha.

Maganar gafara ta fi wuya, don a nan ne muke yawan ruɗin kanmu.

Duk wanda ya tashi a majami'ar ƙauye ya san horo. Wanda aka kama da zina, ko sata, ko komawa ga tsafi, dattawa sukan zauna a kansa, a sanar a gaban jama'a. Ya koma bencin baya. Ba ya cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa don tunawa da mutuwar Yesu, ba ya waƙa a ƙungiya, ba ya riƙe muƙami, har tsawon watannin da aka yanka. Mutanen waje suna ganin abin tsanani ne, wani lokaci ma haka ne. Amma manufarsa ita ce ranar dawowa. Ranar nan fasto kan kira mutum gaba, ya faɗa wa jama'a cewa ɗan'uwanmu ya tuba, dattawa sun gamsu, daga yau kada kowa ya sake tuna masa. A yi addu'a, ya taka ya koma wurin zamansa na dā. Na ji wani dattijo ya rufe irin wannan zama da cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A al'ummar da abin kunya ke bin mutum har kabari, har a goranta wa 'ya'yansa, samun wata rana da aka tsayar aka ce magana ta ƙare ba ƙaramin abu ba ne. Bulus ya rubuta wa Korintiyawa a wasiƙarsa ta biyu, sura 2, cewa hukuncin da aka yi wa mai laifin nan ya isa, yanzu su yafe masa su ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Sai dai mu faɗi gaskiya, bencin baya ya fi sanin 'yan mata. Ciki ba ya ɓuya, shi ya sa yarinya ke zama ita kaɗai a can wata shida, wanda ya yi mata kuwa yana gaba yana kaɗa ganga, ko ya tafi ci-rani sai ƙura ta lafa. In mai laifin shi ne ya sayi kwanon rufin majami'a, sai ka ji ana cewa a bi a hankali. Kuma sau da yawa ana dawo da yarinya a baki, amma ba a dawo da ita a zuci ba: ba mai neman aurenta, ba mai barin 'yarsa ta yi ƙawance da ita. Horon da ba ya kai ga dawowa ta gaskiya wulaƙanci ne kawai, gara ma ba a fara shi ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan yaɗuwa. Mun ɗauki haƙuri mun sa masa rigar gafara. Mace ta zo da kumburarren ido, mijinta ya sha burkutu ya dake ta, ba yau farau ba. Abin da za ta ji shi ne, "Ki yi haƙuri, ki yafe, ai Yesu ya ce bakwai sau saba'in." An karanta mata rabin magana. A Luka sura 17 Yesu ya ce in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa. A Matiyu sura 18, inda maganar bakwai sau saba'in ɗin take, an shimfiɗa yadda za a bi mai laifi: ka same shi kai kaɗai, in ya ƙi ka zo da shaidu, in ya ƙi a kai gaban ikkilisiya. Nauyin yana kan wanda ya yi ɓarna. Zakka mai karɓar haraji, da ya tuba, bai tsaya kan hawaye ba, ya ce duk wanda ya zalunta zai mayar masa ninki huɗu. Matar nan tana iya sauke ƙiyayya daga zuciyarta tana zaune a gidan iyayenta, kuma ba wanda ke da ikon tura ta ta koma ƙarƙashin sanda da sunan Almasihu.

Haka abin yake a rikicin gona. Wa da ƙane sun raba gado, wan ya tura layin gamba taku uku cikin gonar ƙanen. Damina biyu ba sa gaisawa, amma kowane wata suna miƙa hannu su karɓi gurasa a tebur ɗaya. Dattijon kirki ba ya tara su a ofishin fasto ya ce su rungumi juna. Yakan ce a haɗu a gonar da sassafe, a kira tsohon da ya san inda uban ya tsaya. In an ga iyakar, sai ya ce wa babban, "Yaya, kai za ka tuge gambar nan da hannunka ka mayar da ita." Bayan nan ne ƙanen zai iya cewa ya yafe hatsin damina biyu da aka ci masa, maganar kuma ta zauna. Matiyu sura 5 ta ce in ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna.

Sannan ga gafarar da ta haye katangar majami'a. An ƙona majami'u a Dutse a 2006, an yi rikicin Tudun Wada a 2007, an yi na bayan zaɓe a Afrilun 2011, an kai hari kan masu sujada a Jami'ar Bayero a Afrilun 2012. Baƙon da ke Sabon Gari yana da garin da zai koma. Bahaushe Kirista na ƙauye ba shi da inda za shi. Kasuwa ɗaya, rijiya ɗaya, wani lokaci wanda ke ɗaya ɓangaren ɗan baffansa ne. A gare shi gafara ba darasin makarantar Lahadi ba ce, ita ce ke sa ya iya zuwa kasuwa ranar da take ci. Romawa sura 12 ta hana shi ramuwa, ta ce ya bar wa Allah. Ba ta hana shi kai ƙara ko neman diyya ba, Bulus ma ya tsaya kan haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma har ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Bai kamata kuma a manta da maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista a ɗakunansu a irin waɗannan ranaku ba. Su ma suna da tasu koyarwar ta yafiya mai ƙarfi, kowa ya ga yadda maniyyaci ke bin gida gida yana neman a yafe masa kafin ya tashi. Inda Kirista ya bambanta shi ne mafarin abin: ya gaskata an riga an yafe masa bashin da ba zai iya biya ba, a kan gicciye, ta bakin wanda ya roƙa wa masu kashe shi gafara. Daga wannan yake ɗiba ya ba wani.

Amma ba a yi wa wanda aka kashe wa miji gaggawa. Yusufu bai faɗa wa 'yan'uwansa ko shi wane ne ba a ganin farko, sai da ya gwada su, ya fita ya yi kuka ya dawo. Zabura cike take da mutanen da ke tambayar Allah har yaushe. Fastocin da suka bar gwauruwa ta yi kukanta ta faɗi fushinta, suka ci gaba da zuwa gaishe ta wata da watanni ba tare da sun matsa mata ta furta komai ba, su ne na ga maganarsu ta yi tasiri daga baya.

Gwajin da ke gabanmu yanzu shi ne samarin da ke dawowa daga ci-rani da shaye-shaye. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma ƙwayoyi irin su tramadol da sholisho ba su bar ƙauye ba. Yaro ya saci buhun masarar ubansa ya sayar, a sa shi horo, ya yi kuka na gaskiya, a dawo da shi, bayan mako uku ya koma. Dattawa su ce tubansa na ƙarya ne. Sau da yawa ba ƙarya ba ne, jikinsa ne ya kamu, kuma bencin baya ba ya cire wannan. Yana buƙatar likita, yana buƙatar sana'ar da za ta riƙe shi da rani, yana buƙatar wani babba da zai riƙa nemansa kullum ba sai ya yi laifi ba. Yawancin masu bisharar ƙauye manoma ne da suka yi makarantar Littafi Mai Tsarki da Hausa, albashinsu bai taka kara ya karya ba, kuma ba a koya musu yadda za su gane jarabar ƙwaya ko ciwon damuwa ba, balle inda za su tura mutum. Gundumomin ikkilisiya suna da ma'aikatan jinya da malaman lafiya a cikin membobinsu. In ana tara fastoci taron shekara, ya kamata a ware wa waɗannan ma'aikata yini guda su koyar, a kuma ba kowane mai bishara sunan asibitin da ya fi kusa da shi da ranar da likitan ƙwaƙwalwa ke zama.